Amsa: Me ya sa Amurka ta nutsar da jiragen yaƙinta na Spruance?

Malam, ka tambaya ko lalacewa suka yi aka nutsar da su. A'a, da yawansu da sauran ƙarfinsu. An ƙera guda 31 a Pascagoula da ke jihar Mississippi, na farkon ya fara aiki a 1975, kuma farautar jiragen ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet aka yi su dominta. Shi ya sa aka ba su injuna huɗu na LM2500, dangin injin jirgin sama, masu saurin tashi ba jiran tukunyar tururi ta yi zafi.

Da suka fito an yi ta musu ba'a: jirgi mai tsawon mita 172 amma makami kaɗan a kai. Ni kam ina ganin masu zanen sun fi masu ba'ar hangen nesa, don wurin da suka bari ne ya ba da damar dasa wa 24 daga cikinsu ramukan harba makamai masu linzami irin su Tomahawk 61 kowanne, wasunsu suka yi aiki a Yaƙin Gulf na 1991. Kan gangar jikinsu kuma aka gina jiragen yaƙi samfurin Ticonderoga da samfurin Kidd; na Kidd ɗin Shah, sarkin Iran, ya yi odarsu kafin juyin 1979.

Abin da ya kashe su kuɗi ne. Sobiyet ta rushe, ba su da na'urar Aegis mai gano hari daga sama da kakkaɓo shi, ga sababbin jirage samfurin Arleigh Burke masu ita na shigowa. Na ƙarshensu, USS Cushing, ya sauka daga aiki a 2005, mafi yawansu aka maishe su abin gwajin makamai a teku.