Tambaya da Amsa: Mota ta maƙale a dusar ƙanƙara, inji ya ƙi ja

Tambaya: Malam, motata ta maƙale a dusar ƙanƙara, ina taka totur har ƙasa amma injin ba ya ɗagawa sam. Ya lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, yawanci ba injin ba ne. Motocin zamani suna da na'urar hana taya sulɓi, da ta ji taya na juyawa a banza sai kwamfutar motar ta rage ƙarfin injin da kanta, kai kuma kana ta taka totur kana zufa. Nemi maɓallinta ka kashe, ka sa giya ta biyu, ka taka a hankali.

Amma kafin komai sauka ka leƙa bakin salansa. In ƙanƙara ta toshe shi inji zai shaƙe, kuma hayaƙin zai iya dawowa cikin mota, gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kisa take yi, don Allah kar ka zauna ciki inji na aiki sai ka share wurin.

In duk da haka shiru, buɗe bonet ka duba iya filta, wato matatar iskar inji, ko ta jiƙe. Mai dizal kuwa, sanyi kan sa man ya yi kauri ya toshe filtar mai.