Me ya sa na'urar ƙara ji ta dā take da batir biyu?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa tsohuwar na'urar ƙara ji da ka gani a hoto take da batir biyu. Sirrin yana cikin bawul ɗinta, wato 'yar kwalbar gilashin nan da aka zuƙe wa iska, irin ta rediyon dā. Bawul ba ya aiki sai zaren da ke cikinsa ya yi zafi. To, batir ɗaya aikinsa ke nan, dumama zare, kuma shi ne mai saurin mutuwa. Ɗayan, mai ƙarfin lantarki, shi ke bai wa bawul ƙarfin ƙara sautin da makirufo ya ɗauko kafin ya kai kunne.

Ta farko cikin na'urorin ƙara ji masu bawul, Vactuphone ta injiniya Earl Hanson, ta shiga kasuwar Amurka a 1921. Akwati ce guda, nauyinta ya kai kilo 3, sai dai a riƙe ta ko a ɗora a tebur. Wahala dai! Da kamfanin Raytheon ya ƙera ƙananan bawul a ƙarshen shekarun 1930, aka samu ta sawa a aljihu, amma batir na ɗaure a jiki daban, mata ma har a cinya. Tiransista, 'yar ƙaramar na'ura mai yin aikin bawul ba tare da dumama zare ba, ita ce ta kori bawul bayan 1952.