Amsar tambayar Anti kan cimar ƙauyawan Ailan na da

Assalamu alaikum jama'a. Anti, tun jiya na ga tambayarki, wai Turawa ma sun taɓa haɗuwa su ci a kwano ɗaya? Wallahi sun yi. A ƙasar Ailan da ke Turai, talakawan ƙauyuka a zamanin da ma ko kwanon ba kowa ke da shi ba.

Dankalin Turawa ne safe, rana, dare. Kafin yunwar da ta faro a 1845, ƙato ɗaya mai aikin gona yakan tashi da kusan kilo 6 a yini. E, kilo 6, ba ɓarin baki na yi ba. Da ɓawonsa ake dafawa a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, a juye a kwando ruwan ya tsiyaye, a dire kwandon tsakar ɗaki, kowa ya matso. Da farce ake ɓarewa, a dangwali gishiri, a kora da tsala. Shi ya sa da cuta ta kama dankalin, wajen mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Nama kuwa sai biki. Aladen da suke kiwo ma yawanci sayar da shi ake a biya mai gona kuɗin haya.

Amma ni ranar kaɗa nono ce ta fi burge ni. Ba gora suke jijjigawa irin ta Fulani ba, doguwar ganga ce ta katako da sanda, sama da ƙasa, sai ki ce daka ake. In baƙo ya shigo ya tarar uwargida na kai, ko fada ne daga coci, sai ya karɓa ya taɓa kaɗan, ya ce Allah ya sa wa aikin albarka. Ya fita bai yi ba, man ya ƙi tashi? To shi ne ya tafi da albarkar. Kuma muddin ana kaɗawa, ba a ba maƙwabci ko garwashi ɗaya. Camfi dai ba mu kaɗai ba ne, Anti.

Shayi daga baya ya shigo, amma ya kama su sosai, baƙi wuluk, butar na gefen murhu ko yaushe. In aka yi miki tayi, kunya ce ki amsa tashin farko. Ki ce a'a, a sake, ki ce a'a, alhali tuni an zuba miki a kofi.