Jazz ko Precision ga mai ƙananan yatsu, kuma wace tsirkiya?

Malam, ka ce yatsunka gajeru ne, kana neman jitar bas (jita mai kaurin sauti) ta farko, tsakanin Fender Jazz da Precision. Fara duba wuyan tukuna. Dukansu tsawon tsirkiyarsu inci 34 ne, bambancin yana faɗi: wuyan Jazz a can sama kusa da kan jitar milimita 38 ne, na Precision kuwa yakan kai 41 zuwa 44. Milimita uku kamar ba komai ba, amma hannun hagu zai gaya maka bayan minti ashirin. A ganina ɗauki Jazz. In miƙa yatsu tsakanin firet (ƙarafan da aka gicciya a kan wuyan) na ɗaya da na huɗu ne ke wahalar da kai, nemi mai tsirkiya inci 30 irin Fender Mustang.

Tsirkiya kuwa, fara da saitin 45 zuwa 105, wato lambobin kauri daga siririyar tsirkiya zuwa mafi kauri. Mai kaushin naɗi tana da kaifin sauti amma tana cin fatar yatsa da firet. Mai santsi sautinta a dushe yake, tana daɗewa, sai dai ta fi tauri a hannu.

Abin da kan ɓata wa sababbi rai: canza kaurin tsirkiya yana canza lanƙwasar wuya. Danna tsirkiya a firet na ɗaya da na ƙarshe tare, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas, kusan kaurin katin takarda ake so. In ta wuce haka, ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan kwatan juyi kawai, ka bari ya kwana kafin ka ƙara. Lokacin hunturu katako na ƙanƙancewa, bakin firet ya fito yana karce hannu. Ajiye ta cikin akwatinta.