Maigida na so mu sayar da gidanmu mu koma fak hom

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Shekararmu 28 a Ingila ni da maigida, a Manchesta muke, shi ya yi ritaya bara ni kuma saura kaɗan. Yara duk sun watse gida ya mana girma, ga matakala, kullum sai na dafa bango saboda gwiwa. To shine ya zo da maganar mu sayar da gidan mu sayi irin ƙananan gidajen nan da ake haɗawa a kamfani a kawo a girke a fili, fak hom suke ce musu, wai ragowar kuɗin sai mu ƙarasa gininmu na Zariya. Mun je mun gani wallahi gurin tsaf tsaf ba hayaniya ba bene, duk dattawa ne ƴan sama da 50. Amma tunda muka dawo hankalina ya ƙi kwanciya, ban ga masallaci ba ban ga ko mutum ɗaya irin mu ba, kuma matar da ta zagaya da mu sai azalzala take mu ajiye kafin alƙalami. Shi ya riga ya sa rai ni kuma bana son in karya mai zuciya. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ku ajiye ko sisi tukuna, kuma kar ku saka gidanku a kasuwa.

Abin da nake so Alhaji ya gane shine ɗakin kaɗai zaku saya, ƙasar da yake kai ta mai filin ce, duk wata zaku riƙa biyan kuɗin fili har iya zamanku kuma ana sake duba kuɗin duk shekara, tun 2023 da ma'aunin tsadar kaya na CPI ake lissafin ƙarin. Ranar da kuka tashi sayarwa kuma doka ta ba mai filin damar karɓar har kashi 10 cikin 100, wato in kun sayar fam dubu 150 to dubu 15 nashi ne. Nan ne damuwata take, tunda ga gini a Zariya alama ce zuciyarku na gida, in bayan shekara uku huɗu zaku tattara ku koma to wannan asara ce kuke saya da hannunku, balle irin gidan nan ba lallai darajarsa ta riƙa hawa kamar na bulo ba, banki ma basu cika ba da bashin sayen sa ba shi yasa samun mai saye kan ɗau lokaci.

Ku kira kansil ɗin yankin, wato ƙaramar hukumar gurin, ku tambaya lasisin filin na zama ne na dindindin ko na hutu, in na hutu ne baku da ikon mayar da shi gidan zama. Ku nemi lauya wanda ya san harkar ya karanta muku yarjejeniyar da dokokin gurin, har da maganar jikoki in sun zo kwana, da maganar gado, dan ɗan da baya zaune da ku zai iya gadar ɗakin ya sayar amma ba lallai a barshi ya zauna ba. Hukumar LEASE, wadda ke wayar da kan mutane kan dokokin gidaje irin waɗannan a Ingila, na ba da shawara kyauta akan wannan.

Maganar masallaci kuma kar ki raina ta Hajiya. Yau Alhaji na tuƙi, ranar da ido ya hana fa, wa zai kai shi Juma'a, wa zai kai ki asibiti, a azumi da wa zaku sha ruwa? Ki faɗa masa wannan a tsanake, ki roƙe shi ku koma gurin cikin Janairu a bas ba a mota ba, ku shiga wajen maƙwabta ku tambaye su nawa suke kashewa a gas lokacin sanyi da yadda mai filin yake da su. Kafin nan ku duba fulat na ƙasa a unguwar da kuka saba, shima zai raba ki da matakalar.