Sunayen ɗalibai sun hau kan ado a satifiket, wai bairos ne?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum malam. Don Allah a taimaka min, hankalina a tashe yake. Ina wani ƙauye ne kusa da Gumel, ina ɗan taɓa aikin dizayin da laftof, katin biki da fosta da makamantansu. Islamiyyar garinmu za ta yi walimar sauka, shugaban makarantar abokin babana ne, shi ya ba ni aikin satifiket na ɗalibai 64. A CorelDRAW na yi, na ware wa suna gurbi na santimita 7, na gwada da suna ɗaya mai harafi 15 a Arial sayis 24 ya zauna daram, sai na ce toh duk sunan da bai wuce 15 ba zai shiga. Na zuba sauran sunayen daga Excel gaba ɗaya, ban bi shafi-shafi ba saboda caji ya kusa ƙarewa. Na kai Kano aka buga, sai da na dawo gida na buɗe kwali na ga wasu sunayen sun hau kan adon gefe, sannan a taken sama ƙ ɗin Alƙur'ani ya fito daban kamar aro shi aka yi. Mai bugawa ya ce bairos ne a filash ɗina, abokina kuma ya ce in kama sunan da linzami in matse shi. Saura kwana 9, kuɗin da aka ba ni sun tafi, ko ido ba na iya haɗawa da malam. Ya zan yi?

AMSA:

Wa alaikumus salam. Toh ƙanina, fara shan ruwa tukunna. Kwana 9 sun isa a gyara wannan aikin har a huta, kuma filash ɗinka lafiyarsa ƙalau. Bairos yana cinye fayil ko ya ɓoye shi, amma ni dai tunda nake wannan sana'ar ban taɓa ganin bairos mai zaɓen suna ba, ya ƙyale Ali ya tura Muhammad kan ado. Mai bugawar ya faɗa maka haka ne don ka tafi ya samu ya sallami na bayanka.

Abin da ya kayar da kai ƙirgen harafi ne, kuma wallahi na gaji da shi, kusan kullum sai wani ya shigo min da shi. Ka je kara a Maigatari ka ce wa direba kana da dabba goma, ai tambayar farko da zai maka ita ce shanu ne ko awaki? Duk goma ne amma ba mota ɗaya ke ɗaukarsu ba. Haka harufa suke. Kowane salon rubutu, wato fonti, yana ɗauke da ma'aunin faɗin kowane harafi a cikinsa, kuma manhaja da wannan ma'aunin take jera rubutu, ba ruwanta da yawan harufan. A Arial ɗin da ka yi aiki da shi, in ka kasa sayis ɗin kashi 1000, ƙaramin i da ƙaramin l kashi 222 kacal kowanne yake ci, a da u da d suna cin 556, ƙaramin m da babban M 833, babban W kuwa 944. Ka ga m ɗaya ya kusa cin wurin i huɗu. Ko gurbin da kake bari tsakanin suna da suna ma yana da nasa rabon, 278.

Bari in ba ka misali da sunaye biyu da ba ka rasa irinsu a kowace Islamiyya. Jibrilu Iliyasu, ka ƙirga har da gurbin tsakiya, 15 ne. Muhammad Mahmud, shi ma 15 cif. Na farkon in ka tara faɗin harufansa za ka samu 5723, na biyun 9447. A sayis 24 na farko bai kai santimita 5 ba, na biyu kuwa santimita 8 ne, kai kuma gurbinka 7. Shikenan, ga bairos ɗinka nan, santimita ɗaya ce da ba ka tanada ba. In da manyan baƙaƙe ka rubuta shi, MUHAMMAD MAHMUD, ya wuce santimita 9, in ka ƙara masa kauri ya sake buɗewa. Kuma ka duba sunayenmu da kyau, m ya yi mana yawa, Muhammad, Mahmud, Maimuna, Ummu Salma, Hammad, ga masu suna uku da ake ƙara sunan gari a ƙarshe, don haka mu ne ma ya kamata mu fi kowa tsoron wannan ƙirgen.

Na san inda muka samo ɗabi'ar. Tafireta ce ta koya wa iyayenmu, domin a can kowane harafi faɗinsa ɗaya, sannan fom-fom ɗin ofis masu akwati-akwati, harafi ɗaya a akwati ɗaya, suka ƙarasa mu, har yau za ka ji ma'aikaci yana cewa sunanka ya yi tsawo ka rage harafi biyu, kamar sunan da aka yanka wa rago shi ne zai bi akwati. Akwai fonti masu irin wannan tsarin, Courier misali, kowane harafi kashi 600 ne, i da m duk ɗaya. A can ƙirge yana aiki. Amma wa zai karɓi satifiket ɗin sauka da rubutun tafireta?

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne ɗaukar lambar sayis a matsayin tsayin harafi. Lambar sayis da foyin ake ƙirga ta, foyin 72 shi ne inci ɗaya, milimita 25.4 kenan, wannan haka yake, amma ba harafin ake aunawa ba, filin da aka zana harafin a ciki ake aunawa. A zamanin da aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 harufan bugu na dalma ne, kowanne a kan ɗan gungumensa, tsayin gungumen shi ne sayis, harafin kuma yana zaune a kai an bar masa fili sama don dogaye irin su b da k, an bar fili ƙasa don masu wutsiya irin su y da g. Kwamfuta ta gaji lissafin yadda yake. Kamar fuloti ne, ka ce fulotinka kaza ne bai gaya wa kowa girman ɗakin da ka gina a ciki ba. Shi ya sa babban H a Arial sayis 72 yake wajen milimita 18, a Times New Roman kuma bai kai 17 ba, ƙananan harufan ma sun fi nuna bambancin, na Arial sun ɗan haura rabin sayis ɗin, na Times ba su kai rabi ba. In wani ya ce maka yana son harafin bana, wato babban kyallen talla da ake ratayawa, ya kai santimita 10, sayis ɗin da za ka nema a Arial wajen 400 ne, wanda ya yi lissafin inci kai tsaye zai sa 283 ya je ya buga bana da ba a karantawa daga bakin titi.

Yanzu maganar abokinka ta matsewa da linzami. Kada ka yi. Na roƙe ka kada ka yi. In ka kama gefen rubutu ka tura shi ciki, sandunan tsaye na harafin ne suke sirancewa, na kwance suna nan da kaurinsu, sai o ya koma kamar ƙwan zabo, suna ɗaya ya fito a rame na kusa da shi ya fito a ƙoshe, a ranar walima kuma yara jera satifiket suke yi suna gwadawa, iyaye ma haka. Wannan aikin 'yan sati biyu ne, yaro ya kalli bidiyo uku a waya ya buɗe shago ya liƙa suna, ya cika fostocin gari da harufa kamar waɗanda mota ta taka, in ka yi magana ya ce ai kwastoma bai yi ƙorafi ba. Kwastoma bai san sunan ciwon ba ne kawai, amma idonsa ya gani, shi ya sa badi yake wuce ka ya hau mota zuwa Kano. Su ne kuma masu daidaita rubutu a tsakiya da danna madannin gurbi sau ashirin, a canja fonti komai ya watse. Mutum ya karɓi kuɗin makarantar da aka tara da naira ɗari-ɗari na iyayen yara, ya kasa ɗaukar rula ta naira kaɗan ya auna, wannan ba rashin kayan aiki ba ne. Kai ban sa ka cikinsu ba tunda ka tsaya ka tambaya, amma shawararsu ce ta kusa shiga kunnenka.

In suna ya ɗan ɗara gurbi da milimita ɗaya ko biyu, ana iya rage tazarar da ke tsakanin harufa kaɗan, wannan ba ya taɓa siffar harafin. Santimita guda kuwa ta fi ƙarfin wannan dabarar.

Ga abin da za ka yi. Ka kwafo sunaye 64 ɗin nan gaba ɗaya ka zuba su a shafi ɗaya, kowanne a layinsa, duk su fara daga hagu, a ainihin fonti da sayis da kaurin da za a buga. Ka jawo layin jagora daga rular gefe ka ajiye shi a santimita 7, in son samu ne 6.5 don a bar wa ado numfashi. Duk sunan da ya tsallake layin zai nuna kansa, ba sai ka yi lissafin da na yi a sama ba, na yi shi ne don ka yarda. In kana son adadi, ka danna rubutun, CorelDRAW yana nuna faɗinsa da tsayinsa a sandar sama. Sunan da ya fi kowa faɗi shi ne zai yanke maka sayis, ba wanda ya fi yawan harafi ba. A misalinmu sayis 21 yana shiga da ƙyar, 20 yana zama da ɗan sarari. Masu suna uku dogaye ka sauke na ukun layi na biyu in akwai wuri, ka bar tazarar da wutsiyar y ba za ta taɓa kan harafin ƙasa ba.

Kuma ba sai ka sake buga 64 ba. Ka ware waɗanda suka hau ado su kaɗai, in taken sama ne ya dame ka wannan kai da malam za ku yanke, ka je ka same shi da kanka yau ka nuna masa, dattijo ya fi son a gaya masa da saura kwana 9 a kan ya gani ranar taro.

Shi kuma ƙ ɗin da ya fito kamar baƙo, dalilinsa daban. Yawancin fontin ado da muke saukewa kyauta waɗanda suka zana su ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba, babu su a ciki sam. In manhaja ta nema ta rasa, ko dai ta sa maka ɗan akwati, ko ta aro harafin daga wani fonti, shi kuma aron da nasa faɗi da tsayi da kauri yake zuwa, shi ya sa ya yi kama da bare a tsakiyar kalma. Kafin ka ƙaunaci kowane fonti ka fara rubuta Ɓ Ɗ Ƙ ɓ ɗ ƙ da shi ka gani. Noto Sans da Noto Serif suna da su, Charis da Andika da Gentium na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, su ma haka, duk kyauta ne. Kada ka bi masu cire lanƙwasar su rubuta k kawai, ko masu liƙa waƙafi a kan d, a satifiket ɗin Alƙur'ani dai bai dace ba. Akwai kuma yiwuwar kwamfutar mai bugawa ba ta da fontin naka gaba ɗaya, CorelDRAW ya musanya shi da mai kama da shi, toh nan ma duk ma'auni ya canja. Maganin wannan, in ka gama ka ajiye kwafi ɗaya da za ka iya gyarawa, a ɗayan ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya koma zane, sannan ka fitar da PDF. Daga nan babu kwamfutar da za ta taɓa maka shi.

In akwai Larabci ko ajami a jiki, can ƙirgen harafi ya fi rashin amfani, domin harafi ɗaya siffarsa da faɗinsa suna canjawa ko a farkon kalma yake ko tsakiya ko ƙarshe, lam da alif kuma haɗewa suke su zama abu ɗaya, ga wasula sama da ƙasa suna neman nasu filin. A auna kalmar a haɗe. Akwai fonti mai suna Alkalami, na SIL, an zana shi ne a kan salon rubutun Kano irin na allo, kyauta ne, zai yi kyau a irin wannan aikin, sai dai alƙalaminsa da kauri, ka gwada shi a gurbin kafin ka amince.

In ka koma wajen bugawa ka tsaya a kansa ya buga a ainihin girma, ɗari bisa ɗari, kada ya danna wanda ke cusa aiki cikin takarda don yana rage komai. Ka ce ya fara fitar maka da sunan nan mafi faɗi a farar takarda ta banza, ka ɗora rula a kai a gabansa, in ya zauna sannan a sa takarda mai tsada. Kuma ka cika cajin laftof tun a gida, wannan karon shafi-shafi za ka bi.