Harsashi za ku duba, ba shekarun ginin ba

Malam, ka tambaya ko ku rushe tsofaffin ajujuwan makarantar ƙauyenku ku gina sababbi, ko kuwa kwaskwarima ta isa. Na daɗe a kwamitin iyaye da malamai na wata ƙaramar makaranta, kuma abin da na gani shi ne yanayin harsashi da bango ne ke raba wannan gardama.

Ku fara nemo injiniya ya duba ginin, ba ɗan kwangilar da ke hangen aikin ba, domin shi da wuya ya ce a bar shi. Tsagar da ta tsaya a kan yaɓe, siririya kamar zare, ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, tana ƙara buɗewa bayan kowace damina, ita ce ke nuna ƙasa tana lotsawa a ƙarƙashin harsashi. Ku shafa ɗan siminti a kanta, ku rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya sake darewa cikin 'yan watanni, bangon yana motsi. Haka kuma a kula da inda kankare ke ɓarewa rodi ya bayyana, domin ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa abin da ya lulluɓe shi. Amma idan bango yana tsaye daram, yoyon kwano ne kawai ko gara ta ci katako, rushe shi asara ce.

Idan rushewa ta zama dole, kada ku taɓa ko aji ɗaya sai kuɗin da za su kai sabon gini har rufi sun shigo hannu. Na ga inda aka rushe komai bisa alkawari, aikin ya tsaya a linta, yara suka koma gindin bishiya, iyaye suka janye 'ya'yansu, waɗansu ma ba su sake dawowa ba. Ku gina ɓangare guda a lokacin dogon hutu, ku kammala, ku mayar da yara ciki, sannan ku taɓa na gaba.

Wajen kwance tsohon rufi, a tabbatar ko na asbestos ne, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa da siminti a yi rufi da silin, domin ƙurarsa tana jawo ciwon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Idan shi ne, a jiƙa shi, a sauke shi ba tare da an fasa ba, kuma a nisanta yara daga wurin.

Ku sa mutum ɗaya ya tsaya kan ban-ruwan kankare na aƙalla kwana 7, ganin cewa sai ya kai kwana 28 yake samun ƙarfin da ake buƙata, alhali magina suna son gaggawa. A rubuta a yarjejeniya cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har ginin ya sha damina guda. Ban-ɗakin 'yan mata kuwa, a sa shi cikin kasafin farko, domin duk abin da aka ce sai daga baya, yawanci ba a yin sa.